Cikin da Kowa Ya Gani Ban da Ni

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Sunayen ƙawayen ƙuruciya sun fara ɓace mini, wani lokaci in yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma akwai abu guda da na tabbata da shi za a kai ni kabari, wato shekarar da mutanen gidanmu a Illela suka taru suka yanke cewa ina da ciki, ni mai cikin ban da labari.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, zamanin da azumi ke faɗowa cikin zafin bazara. Ni 'yar Amarawa ce, aka kawo ni aure wani gidan 'yan kasuwa a Illela. Maigidana yana sayo atamfa da turare daga Ƙonni ta Nijar, ya kai musu goro, aljihunsa ɗaya naira ɗaya sefa. Mun daɗe da aure ba haihuwa, ko ɓari ban taɓa yi ba. Abin da nake da shi kawai shi ne ciwon mara. Duk wata in al'ada ta zo sai in kwanta in yi ta murƙususu ina cizon filo, har amai nake yi. In ta wuce in tashi in ɗauki tsintsiya kamar ba ni ba.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Mace ce mai shiru-shiru. Maigidana shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma na ƙarshe, don haka duk jikan da za ta gani a duniya ta wurina zai fito. In aka yi suna a unguwa takan je ta dawo ta zauna a bakin ƙofarta tana tsinkar zogale. Ina sonta ƙwarai, kuma duk wata ina jin kamar ni ce ke mayar da ita bakin ƙofar nan.

Da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai maigidana ya kai ni wani babban asibiti a Sakkwato. Bayan gwaje-gwaje da 'yar ƙaramar tiyata, likitan, wani Ba'indiye mai sanƙo, ya zaunar da mu, wata nas tana yi mana tafinta. Ya ce irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a inda bai kamata ba, kuma sinadarin mata da jiki ke yi shi ne abincinsa. Zai ba ni wasu ƙwayoyi da za su rage wannan sinadari na wasu watanni, naman ya ji yunwa ya motse. Sai dai maganin yana da nasa hali. Al'ada za ta ɗauke. Zafi zai riƙa taso mini ba gaira ba dalili, in yi ta gumi. Zan iya yin ƙiba, ƙuraje su fito, zuciya ta riƙa tashi, gaɓoɓi su yi ciwo, in riƙa fushi da abin da bai kai ya kawo ba. Wasu matan ma gashi kan tsiro musu a haɓa, murya ta yi kauri, kuma in na ji muryata ta fara canzawa in dawo da wuri. Ya ƙara da cewa kada a kuskura a samu ciki ana kan maganin, don yana yi wa ɗan tayi illa. Nan maigidana ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin kamar shi aka kira ya gyara ta.

A hanyarmu ta dawowa cikin fijo na ce masa, "In mun isa, kai za ka hwaɗa ma Inna."

Ya ce, "Ni? Ke dai ki hwaɗa mata, ai zancen mata na."

Haka muka yi ta miƙa wa juna har muka shigo Illela. Abin da gida ya ji a ƙarshe shi ne an ba ni magani, Allah ya sa a dace.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce mene ne abin wuya a nan. To Inna ba ta magana da ɗanta na fari. Ba faɗa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, "wancan" take ce masa, in ya shigo gaishe ta bango take amsa wa. Ni kuma suruka ce, wane baki gare ni da zan zauna gaban uwar mijina in ɗauko zancen al'ada? Sai muka bar maganar ga Allah, shi kuwa magani ya kama aikinsa.

Abin da ya fara tona ni azumi ne. A gidan da ke da mata, ba wadda ke tambayar wata ranar fashin sallarta, amma kowa na sane. Aka ɗauki azumi aka yi ta tafiya har aka ga watan salla, ban sha ko ɗaya ba. Ni murna nake, don rabona da wata guda ba ciwo tun ina budurwa. Ashe Inna na lura. Ranar salla na kai mata tuwo, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce in ajiye kwanon kada in duƙa da yawa.

Kwana kaɗan sai ga Gwaggo daga Kalmalo. Ƙanwar uban mijina ce, gajeruwa mai faɗi, ita ke karɓar haihuwa a ƙauyensu, kuma a ganinta ba a taɓa yin cikin da ya ɓoye mata ba. Ta sauka da ƙullin kaya da busasshen kifi, irin saukar wanda bai da niyyar komawa da wuri. Ta iske ni a tsakar gida ina fifita da faifai, gumi na zuba, kumatuna sun cika, goshina duk ƙuraje.

Ta kewaye ni sau ɗaya ta ce wa Inna, "Awo. Ya zauna."

Na ce, "Gwaggo, mi az zauna?"

"Ji ta. Wai mi az zauna."

"Wallahi Gwaggo ba ni da komi. Magani na nika sha."

Suka dubi juna suka tuntsire da dariya. Gwaggo ta ce, "Allah shi yi ma uwar wagga yarinya albarka. Ɗiyan yanzu tun ciki na wata guda sun cika gari da labari, ita ko har rantsuwa takai."

Nan ne na gane ramin da na faɗa. A wurinmu, yarinyar kirki ba ta amsa cikin fari. Ko ya kai mata haɓa, in an tambaye ta musu za ta yi, ta rufe fuska ta gudu ɗaki. To ni da gaskiya nake musun, amma gaskiyata da kunyar 'yar gidan mutunci kamanninsu ɗaya. Duk lokacin da na ce babu, sai darajata ta ƙaru. Har maƙwabta aka riƙa kawo wa 'yan mata misali da ni.

Duk abin da likita ya lissafa, Gwaggo tana da fassararsa. Zafin da kan taso mini daga ƙirji ya haye wuya ya cika fuska, har in ji kamar an buɗe mini murhu a jiki, ta ce jinin yaron ne ke da ƙarfi. Tashin zuciya, wannan ai ba sai an faɗa ba. Ciwon gwiwa, nauyinsa ne. Da na nuna mata cewa ƙibar ko'ina take, hannu da wuya da baya, amma cikina bai wani fito ba, sai ta ce cikin fari ne, a ƙugu yake ɓuya, ita ma haka ta yi nata. Rannan na ga wasu gashi biyu sun leƙo a haɓata, na zauna ina kuka da madubi a hannu. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Namiji na. Gemunai na yah hito maki." Ta fita tana guɗa ƙasa-ƙasa.

Fushi kuwa ba a magana. Ni da aka sani da sanyin hali, sai ga ni ina faɗa da kaza don ta dube ni. Wata rana maigidana ya dawo daga Ƙonni da dogon burodin nan nasu, ya miƙo mini da fara'a, na tambaye shi ko sandar kiwo na aike shi. Na fashe da kuka, sannan na cinye burodin duka. Maganin ya buɗe mini ciki ba kaɗan ba, su kuma suka hana ni daka da ɗiban ruwa, suka sa ni gaba da kifin Kalmalo da fura da nono da man shanu. Yaya mutum ba zai yi ƙiba ba?

Kada a ce maigidana bai yi ƙoƙari ba, ya yi iyakar nasa. Na matsa masa har ya je ya durƙusa a ƙofar Inna ya fara, "Inna, dama zancen yarinyag ga ta, likita ya ce..." Kafin ya kai ƙarshe ta ja mayafi ta rufe kai, ta bi ta gefensa ta shige gidan maƙwabta. Ya ƙarasa bayaninsa ga tabarma. Ya koma wajen Gwaggo, ita kuwa muciya ta ɗauka ta biyo shi har zaure tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin namiji marar ta-ido da ke bin mata da zancen cikin matarsa ba. Ya dawo ɗaki yana haki ya ce mini, "Ki bari, in sunka ga wata tara ta wuce ba komi, su gane da kansu."

Shi abin ya zame masa na dariya. Ni kuwa ina ganin abin da shi ba ya gani. Inna ta canza. Matar da ba a jin muryarta ta koma tana 'yan waƙe-waƙe in tana tankaɗe. Ta fito da wani zane saƙi da ta ɓoye tun na goyon ɗanta, ta wanke ta shanya a bayan ɗaki inda take zaton ba mai gani. Ta sa aka fara tara itacen wankan jego, ni da ko ruwan randa zafi yake mini. In aka yi suna a unguwa, ita ce kan gaba. Kullum na kwana na tashi, abin da zan rushe mata ƙara girma yake, kuma na san ba mai rushe shi sai ni.

Bayan babbar salla abubuwa biyu suka faru kusan tare. Na farko, muryata ta fara kauri. Na tashi da safe na yi wa Inna ina kwana, sai da ta waiga ta ga ko wani ne ya shigo. Nan take na tuna gargaɗin likita. Gwaggo kuwa ta ce, "Shi ka magana cikin maƙoshinta. Wanga yaro limami za shi yi." Na biyu, Gwaggo ta shiga share mini ɗaki ta ci karo da kwalbar maganina. Ta kai wa Inna, suka yi shawara cewa ƙwayar asibiti ba ta haɗuwa da mai ciki, Inna ta ƙulle kwalbar a haɓar zanenta. A zaman nan kuma suka yanke cewa tunda cikin fari ne, lokaci ya yi da za a mayar da ni Amarawa goyon ciki, in haihu gaban uwata. Har an aika wa iyayena.

Ranar tafiya da hantsi gidan ya cika da mata. An ɗauko fijo ta tsaya a ƙofar gida, ana ta loda gero da kanwa da kayan yaji. Baba, uban mijina, yana zaure da abokansa, maigidana na tsugune a gefensu. Aka fito da ni tsakar gida an lulluɓe ni da mayafi mai kauri, wai kada iska ta buge ni. Inna ta matso tana gyara mini shi cike da murna, ta ce a hankali, "Ki tahi lahiya, ki dawo muna da baƙo."

Daidai nan zafin ya taso. Ya fi na kullum, ga mayafi, ga mutane, ga turaren wuta. Na ji gumi na bin bayana, na ji fushin nan da ba nawa ba ya hau kan fushin da yake nawa. Na fizge mayafin na yar, na buɗe baki, kuma muryar da ta fito ko ni ban san ta ba.

"Ba ni zuwa ko'ina. Ba ni da ciki. Ban taɓa yin ciki ba. Ciwon mara gare ni, likita yab ba ni magani shi tsai da jinin wata. Shi as sa ni gumi, shi as sa ni ƙiba, shi ab ba ni gemu, shi ab ba ni wagga murya. Ba kunya ta ba, gaskiya ta. Ku ba ni maganina."

Sai daga zaure muka ji Baba ya daka tsawa, "Wane ƙato na cikin gidana?" Ya shigo da sandarsa a ɗage, abokansa na biye, maigidana na bayansu yana cewa, "Baba, tsaya, surukarka ta." Baba ya dube ni, ba mayafi, jiƙe sharkaf, ya dubi sandarsa, ya juya ya koma zaure. Wata maƙwabciya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta buɗe baki za ta kawo wata fassarar, Inna ta ɗaga mata hannu.

Ban iya duban Inna ba. Fushin ya tafi ya bar ni da abin da na yi, a gaban duk matan unguwa. Ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta, ta saki labule. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ina jiran ta yi kuka ko ta yi faɗa ko ta ce in tafi Amarawan gaba ɗaya. Sai kawai ta yi mini tambaya.

"Ciwon, ya bari?"

Na ɗago. Tun da na fara shan maganin nan, an tambaye ni abin da nake marmari, an tambaye ni ko yana motsi, amma ba wanda ya yi mini wannan tambaya.

Na ce, "Ya bari, Inna. Tun kahin azumi ban ji shi ba."

Ta gyaɗa kai. Sai ta gaya mini abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba. Ita ma da irin ciwon ta yi ƙuruciyarta. Duk wata sai ta zagaya bayan rumbu ta cusa zane a baki don kada a ji ta, dangin miji na cewa ragwanci ne, wasu su ce iskoki. Da kyar ta samu ɗa guda, daga shi ba ta ƙara ba. Ta ce ta sha ganina ina murƙususu ta gane ko mene ne, amma ba ta san ta inda uwar miji ke fara irin wannan magana ba.

Ta ce, "Da an yi wanga magani zamaninmu, ko gemu za shi hid da mani har ƙirji, da na sha." Ta kwance haɓar zanenta ta sa mini kwalbar a hannu. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba. "Jika ina so, ba ni yi maki ƙarya. Amma ke nis samu tukuna."

Motar da aka ɗauko don Amarawa, sauke geron aka yi ta kai mu Sakkwato. Inna ta ce da ita za a je, ta zauna gaban likita ta sa nas ta maimaita mata komai tun daga farko. Da ya ji muryata ya yi mini faɗan rashin zuwa da wuri, ya tsayar da maganin, ya ce dama ya kusa gama aikinsa. Gumin ya tafi, ƙurajen suka baje, ƙibar ta ragu, halina ya dawo har kaji suka samu lafiya. Murya ce dai ba ta koma yadda take ba. Har yau in na ɗauki waya, wanda bai san ni ba "Alhaji" yake fara ce mini. Gwaggo kuwa ta koma Kalmalo ba ta yarda ba. Ta shekara tana gaya wa mutane cikin kwanciya ya yi, zai tashi.

Na san abin da mai karatu ke jira ya ji, don duk wanda na ba labarin nan shi yake tambaya. E, bayan wasu shekaru Allah ya ba ni 'ya mace, kuma Inna ta goya ta kafin ta rasu. Amma ko da ban samu ba, na riga na samu abin da ya kai ni asibiti.

Abin da na koya shi ne, magani mai ƙarfi ba mai shansa kaɗai ya kamata ya san halinsa ba. Mutanen da za su gan ka kana gumi, kana fushi, jikinka na canzawa, su ma a gaya musu tun ranar farko, in ba haka ba za su nemo wa abin da suka gani suna da kansu. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka rene mu, ban kuma raina ta ba. Sai dai ni da Inna mun yi shekaru a gida ɗaya da ciwo iri ɗaya, kowace tana jin kunyar ɗaya, har sai da ƙwayar asibiti ta ara mini muryar da zan faɗa. Shi ya sa yanzu in na ga yarinya ta canza, ba na lissafa mata watanni. Nakan ja ta gefe in tambaye ta inda ke mata ciwo.